Yadda Ake Maido da Ɗan'uwan da Ya Faɗi Cikin Zunubi, Mataki-Mataki

Tun da na yi magana a kan Galatiyawa 6:1 a wani taron dattawan ikkilisiya a nan Garwa, a arewacin Kamaru, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini. Wasu a ƙofar majami'a suke tare ni, wasu ta WhatsApp daga Marwa da Ngaundare, har da wani mai bishara da ke hidima da Hausa a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo. Cewa suke yi: "Baba, ayar mun ji ta, an ce a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u. To ta ina ake farawa?" Ga yadda nake yi, bayan na yi kurakuran da suka ishe ni.

Abin da za ka tanada

Littafi Mai Tsarki a harshen da mutumin ya fi ji a zuciyarsa. A Garwa za ka iske wanda yake ciniki da Fulatanci, ya yi makaranta da Faransanci, amma kuka da addu'a sai da Hausa ko da yaren ƙauyensu. Ka san wannan tun kafin ka fita. Sai kuɗin moto, wato babur ɗin haya, na zuwa da dawowa aƙalla sau huɗu a wata, da katin waya, da ɗan abin riƙewa a hannu in za ka shiga gida: kwalin sukari, ganyen shayi, ko sabulu. Ni nakan ware sefa 5,000 na watan farko, daga aljihuna, domin da zarar ka nemi kuɗi daga baitulmalin ikkilisiya dole ka faɗi dalili, asiri kuwa ya tonu ke nan. In maganar kuɗi ce, ka nemi ƙaramin littafin rubutu da biro.

Abin da ya fi tsada shi ne lokaci. In ba za ka iya ba aikin nan wata uku ba, ka bar wa wani.

1. Tabbatar da labarin

Ka tambayi wanda ya kawo maka maganar abu biyu: da idonka ka gani, ko faɗa maka aka yi? Wa kuma ka faɗa wa ban da ni? Yawancin labaran da ke iso mana sun bi ta baki uku ko huɗu. An ga mutum ya fito daga gidan da ake sayar da bilbil, giyar gargajiya, shi ke nan ya zama mashayi, alhali wataƙila bashi ya je karɓa ko itace ya kai. Kubawar Shari'a 19:15 ta hana a kama mutum da laifi a kan shaidar mutum ɗaya, in kuwa dattijon ikkilisiya ake zargi, 1 Timoti 5:19 ta sake nanata shaidu biyu ko uku.

Hattara: kada ka bi gida-gida kana "bincike". Kowane mutum da ka tambaya, ka sanar da shi ke nan. Ka roƙi mai kawo labarin ya kama bakinsa, kai kuma ka je wurin mai abin.

2. Ka fara da kanka

Laifi tudu ne. Kafin ka taka ƙafa, ka zauna da Zabura 51 ka karanta ta a kan kanka, da sunanka. Sai ka amsa wannan tsakaninka da Allah: da na ji labarin nan, baƙin ciki na ji ko wani ɗan daɗi? In akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninku, rigimar fili, ko kujerar da kuka nema tare a majalisar ikkilisiya, ba kai za ka je ba. Zai gane tun daga sallamarka. Ni nakan yi azumin yini ɗaya kafin in je, ba don doka ba ce, don dai na san halin bakina.

3. Wa ya kamata ya je

Mutum ɗaya. Haka Ubangiji ya tsara a Matiyu 18:15, kai da shi kaɗai. A zaɓi wanda yake jin nauyinsa amma ba ya jin tsoronsa: wanda ya tsaya masa ranar baftisma, ko ubangidan da ya koya masa sana'a, ko aboki da ya ɗan girme shi. Sau da yawa fasto bai dace da zuwan farko ba, saboda ganin babur ɗin fasto a ƙofar gida kaɗai ya isa unguwa ta ɗauka.

Hattara: namiji ba ya zuwa wurin mace shi kaɗai, komai furfurarsa. A tura wata uwa daga zumuntar mata. In kuma wanda ya faɗi ya kai sa'ar mahaifinka, 1 Timoti 5:1 ta ce ka roƙe shi kamar uba, kada ka tsawata masa.

A nan na yi kuskuren da har yau yake cina. Shekarun baya, wani saurayi mai buga mana ganga yana riƙe da kuɗin zumuntar matasa, aka nemi sefa 60,000 aka rasa. Ran Lahadi bayan sujada na kwashi dattawa biyu, da manyan rigunanmu, muka dira gidansa. Matarsa tana tuƙa tuwo a tsakar gida, surukarsa ta zo baƙunta tana zaune a tabarma da jikanta a cinya. A gabansu na buɗe Ayyukan Manzanni 5, na karanta labarin Hananiya da Safiratu tun daga farko har inda aka fita da gawa ta biyu. Yaron bai ce uffan ba. Ya tsuguna yana zana ƙasa da tsinke har muka tashi. Matar ta sauke tukunya ta shige ɗaki. Bayan mako biyu sun kwashe kaya sun bar gari. Kuɗin ba su dawo ba, shi ma bai dawo ba, kuma duk abin da na karanta a ranar gaskiya ne.

4. Lokaci da wuri

Ban da ranar Lahadi, ban da harabar majami'a, ban da gaban matarsa da 'ya'yansa. Ban da waya kuma: saƙon murya ana tura shi gaba, rubutu ana ɗaukar hotonsa. Waya ta sa rana ce kawai, "Ƙanena, ina son ganinka, yaushe kake da sarari?"

Ka nemi wurin da ganin ku biyu ba zai ja ido ba. Gindin dogon yaro a bayan gari, hanyar gona, bakin Binuwai da yamma. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke wuce digiri 40, kada ka tare mutum da maganar zunubinsa da tsakar rana yana jin yunwa. Ka bari rana ta yi sanyi, ku ci wani abu tukuna. Kada kuma ka yi magana da mutum yana cikin maye. Ka raka shi gida, ka dawo gobe da safe.

5. Buɗe magana

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi ɓata shi.

Ku gaisa sosai, gaisuwa ta gaske: gida, yara, aiki, jikin tsohuwa. Amma kada ka yi ta kewaye-kewaye har awa guda, domin ya riga ya san ba banza ka kira shi ba, jiran kuma azaba ce. Bayan gaisuwa ka faɗi abin da ka sani, iyakar abin da ka sani, ba ƙari, ka kuma faɗi dalilin zuwanka. Sai ka yi shiru.

Ga yadda ta kasance da wani ɗan'uwa mai aikin moto, wanda kuɗin adashin maza ya maƙale a hannunsa, ake kuma raɗe-raɗin ya fara shan tramol. Na same shi wajen mai shayi, muka ɗauki kofunanmu muka koma gefe kan wani benci. Na ce, "Ɗana, mako biyar ban gan ka a sujada ba. An kuma ce kwasar da ta wuce ba ta isa hannun mai ita ba. Ban faɗa wa kowa ba, ban zo da sunan majalisa ba. Na zo ne in ji daga bakinka." Ya ce, "Baba, ƙarya ake yi mini." Na ce, "To, faɗa mini gaskiyar." Ya daɗe yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke. Ban taimake shi da ko kalma ɗaya ba. Can sai ya ce 'yarsa ce aka kwantar, aka ce sai an ƙara mata jini, ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa. Da ya kasa, sai ya fara aikin dare don ya cike gurbin, ƙwayar kuma don kada barci ya ɗauke shi a kan babur. Sujada kuwa kunya ce ta hana shi. Ran Lahadi sai ya yi ta jigilar 'yan kasuwar Fitowa don kada ya haɗu da kowa.

Da na fara da wa'azi, da ban ji ko ɗaya daga wannan ba. Karin Magana 18:13 ta kira amsawa kafin ji wauta. Ka duba kuma yadda annabi Natan ya yi da Dawuda a 2 Sama'ila 12: labarin 'yar tunkiyar matalauci ya fara ba shi, har sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya ce masa kai ne mutumin. Ya faɗa masa ƙarara, amma sai da ya shirya kunnen.

Hattara: jin dalili ba ya mayar da zunubi ya zama ba zunubi ba. Bayan ka saurara, ka kira abin da sunansa. Na ce wa ɗan'uwan nan, "Ciwon 'yarka ya taɓa ni, da ka zo mana da mun tara maka. Amma kuɗin amana ka ci, ka kuma yi ƙarya a kai." Masu taushin zuciya a nan suke zamewa, su ce "ba komai, kowa yana yi". In ba komai, me ya kawo ka?

Wata hattara: kada ka yi alkawarin rufe asiri tun kafin ka ji abin. Ka ce, "Ba zan kai maganarka ko'ina ba tare da saninka ba." In abin ya shafi lalata da yarinya ko yaro, ko dukan da zai iya kashe mace, wannan ya wuce sulhun cikin gida. A fara kuɓutar da wanda ake cuta, a kai shi asibiti, a sanar da 'yan sanda ko jandarma. Tuba ba ta soke shari'ar ƙasa, ikkilisiyar da ta ɓoye irin wannan kuwa ta sa hannu a ciki.

6. In ya amsa laifinsa

Ka bar shi ya furta wa Allah da bakinsa, da kalmominsa, ko da a karye suke. Kada ka yi masa addu'ar yana cewa amin kawai. "Ya Ubangiji ka gafarta mana kurakuranmu" ba furci ba ne, kowa yana faɗin haka kafin cin abinci. Ya ambaci abin da ya yi. Zabura 32:3-5 ta nuna yadda shiru yake cinye ƙasusuwan mutum da yadda furci yake sauke kaya, ku karanta ta tare.

Bayan haka kada ka bar shi a rataye. Ka karanta masa 1 Yohanna 1:9, ka dube shi, ka faɗa masa a sarari cewa saboda jinin Almasihu Allah ya gafarta masa. Mutane da yawa suna furtawa su tashi da nauyinsu, don ba wanda ya faɗa musu wannan. In ɗan Katolika ne, ka ƙarfafa shi ya je wurin fada, wato firist ɗinsu, ya yi furcinsa yadda ikkilisiyarsu ta tsara. A wurinmu ma yana da kyau ya ga fasto daga baya, amma shi zai kai kansa, kai rakiya ce taka.

Kada ka nemi bayanin da ba ka bukata, musamman a maganar zina. Sau nawa, a ina, yaya aka yi: wannan ƙaiƙayin kunne ne, kuma ta nan jarabar da Bulus ya yi kashedi a kanta a Galatiyawa 6:1 take shiga.

7. In ya musa ko ya ƙi

Kada ku yi musu. Ka ce ka ji, ka yi addu'a gajeriya in ya yarda, ka tafi. Ka koma bayan mako ɗaya. Ni ina komawa sau uku kafin in ɗauki mataki na gaba, domin Matiyu 18 ba ta ce sau ɗaya tak ba, kuma da yawa suna musawa ranar farko don firgita ne. In ya dage, ka sanar da shi cewa za ka dawo da mutum ɗaya ko biyu, ka ba shi dama ya zaɓi ɗaya daga ciki. Sai wannan ya gagara ake kai wa majalisar dattawa.

8. Gyara ɓarna

Zakka mai karɓar haraji, da ya karɓi Yesu a gidansa, bai tsaya a kan murna ba. A Luka 19:8 ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki huɗu ga wanda ya cuta. Ba ninki huɗu muke nema ba, amma wanda aka cuta dole ya ga tubar da idonsa.

Nan littafin rubutunka zai yi aiki. Ku rubuta jimillar kuɗin, da abin da zai iya biya ba tare da yaransa sun kwana da yunwa ba. Na mai moton nan sefa 45,000 ne. Shi da kansa ya ce zai riƙa ba da 5,000 duk mako, na ƙi, don na san abin da ke rage masa bayan ya sallami mai babur ya sha mai. Muka tsaya a kan 1,500 duk Asabar, mako 30. Wanda ya yi sabuwar tuba yakan yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa, in ya kasa a mako na uku kunya ta sake korar shi, a koma gidan jiya. Yana turawa ta Orange Money zuwa ga mai kuɗin kai tsaye, saƙon shaida yana nan a waya, ni kuma ina sa alama a littafi.

Hattara: kada ka biya masa duka daga aljihunka, ko da kana da shi. Ka taimaka ta wani gefen, buhun masara ko kuɗin makarantar yaro, bashin kuwa ya fita daga guminsa. Kuɗin kuma kada su riƙa bi ta hannunka.

In ɓata suna ya yi, ya koma wurin waɗanda ya faɗa wa ya janye. In amanar aure ya ci, a yanke hulɗar gaba ɗaya, har lambar waya, a kuma je a yi gwajin jini kafin a koma shimfiɗa ɗaya.

9. Jiki ma yana neman magani

Yaƙub 5:14-16 ta haɗa furci da addu'a da warkarwa, muna kuma yin haka: dattawa su zo, a shafa mai, a yi addu'a. Amma wanda ya daɗe yana shan tramol, in ya bari farat ɗaya, zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su taso masa, ƙwayar kanta kuma in ta yi yawa tana sa farfaɗiya. Mai shan arki, barasar nan mai ƙarfi, kullum in ya yanke lokaci guda yana iya kama rawar jiki da suma, har rai ya salwanta. Wannan ba aljani ba ne, ba kuma alamar tubarsa ta ƙarya ce ba. Ka kai shi wurin likita a tsara yadda zai rabu da abin. Akwai asibitin yanki a nan Garwa, akwai asibitin mishan a Ngaundare da na Meskin kusa da Marwa.

Hattara: kada kowa ya ce wa mai shan maganin ƙanjamau, ko na tarin fuka, ko na taɓin hankali ya ajiye magani don nuna bangaskiya. Maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi a Kamaru tun 2007. Kada kuma ka ce wa marar lafiya zunubinsa ne ya jawo masa. Almajirai sun tambayi zunubin wa ya jawo wa makahon nan na Yohanna 9 makanta, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba.

10. Waɗanda abin ya shafa

Muna yawan rufuwa a kan mai laifi mu manta da matar da ta yi wata biyar tana rufa masa asiri, da mai adashin da ya fasa sayen taki. A tura musu nasu masu ziyara. Kada a tilasta wa mace ta ce ta yafe a gaban dattawa ranar da ta ji labari. Gafara umarni ce, amma amincewa a hankali take dawowa, wanda ya karya ta ba shi zai sa mata rana ba.

11. Horo da dawowa

Abin da aka yi a ɓoye aka kuma gyara a ɓoye, ba dole ya hau bagade ba. Abin da gari ya sani, ko wanda mai riƙe da muƙami ya yi, majalisa za ta duba, wataƙila a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji ko daga aikinsa na ɗan lokaci. Abu biyu nake roƙon dattawa. A faɗi ranar da horon zai ƙare tun ranar da aka fara shi, a rubuta. Na san mutanen da aka tura bencin baya aka manta da su har faston da ya tura su ya tashi. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa zama kusa da shi a bencin nan duk Lahadi. Bulus da ya ce a hori wani mai laifi a ikkilisiyar Koranti, shi ne kuma ya rubuta a 2 Korantiyawa 2:6-8 cewa ya isa haka, a gafarta masa a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Ranar dawowa, a karɓe shi a fili daidai da yadda aka hore shi a fili. Sai a ba shi aiki. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku, a Yohanna 21 Ubangiji ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Sai dai a yi hankali da irin aikin: wanda ya ci kuɗi ba a mayar masa da jaka, a ba shi jera benci ko kai tsofaffi gida bayan sujada. Mai moton nan shi yake ɗauko wata tsohuwa makauniya daga Yelwa duk Lahadi, ya mayar da ita.

12. Bayan an watse

Watanni ukun farko ka gan shi duk mako, rana ɗaya sananniya. Ka tambaye shi kai tsaye, "Ka sha a makon nan?", ka kuma gaya masa tun farko cewa za ka riƙa tambaya. Ku gano lokacin da jarabar ta fi ƙarfi: ranar da aka biya kuɗin auduga, daren Asabar, makon Kirsimeti. A irin waɗannan ranaku ka kira shi tun da yamma, ko ka gayyace shi cin tuwo a gidanka.

Zai iya sake faɗuwa. Mai moton nan namu ya faɗi a mako na 11, Asabar ta wuce ba saƙon kuɗi, waya a kashe. Ran Litinin da sassafe na je tashar da yake tsayawa na zauna wajen mai ƙosai har ya iso. Da ya hango ni ya so ya juya babur, sai kuma ya kashe ya sauko. Muka koma mataki na biyar, muka ƙara mako biyu a littafin, na rubuta sabuwar ranar gamawa a ƙasan tsohuwar ya sa hannu.